Ƙauna da Jar Rigar Mama

Tun Ƙauna Obadiah tana ƙaramar sakandare ƙirjinta ya zama abin magana a unguwarsu, sai ka ce ita ta je kasuwa ta zaɓo shi. Ba mai ƙiba ba ce. Ƙugunta madaidaici, kafaɗunta ma ba su da faɗi, gaba ne kawai Allah ya ba ta har da gyara. Yanzu ta zama cikakkiyar mace, tana koyar da lissafi a wata firamare ta kuɗi a Samaru, amma har yau ba ta taɓa samun rigar mamar da ta zauna mata daidai ba. In kofin ya ɗauke ta, maɗaurin baya sai ya yi mata yawa, ya riƙa hawa har tsakanin kafaɗu. In maɗaurin ya kama, kofin sai ya raba ta biyu. Dabarar da ta koma yi ita ce sa biyu, ɗaya kan ɗaya, ta haɗe su da fil. Kafin a tashi daga makaranta hannayen rigar sun yi mata rami a kafaɗa, bayanta na ciwo kamar ta wuni tana dakon hatsi.

Ba wanda ya taɓa tambayar ta wannan ciwon. Abin da mutane suka iya shi ne kallo da ba da shawara.

Rigimar ta taso ne daga kayan kwaya, wato rigunan mawaƙan coci. Ƙauna tana cikin mawaƙan cocinsu, a sahun gaba take tsayawa. Da aka tashi sauya musu kaya, aka damƙa aikin a hannun Mama Scholastica, shugabar Zumuntar Mata, wadda ba a yanka ko kaza a cocin sai da saninta. Mama Scholastica siririya ce kamar tsintsiyar kwakwa, gabanta da bayanta duk ɗaya, kuma ta daɗe da yarda cewa wannan ƙirar tata lada ce ta tsoron Allah. Ita ta zaɓi farar riga mai maɓallai a gaba. Ita ta ce ba sai an ɓata lokaci wajen awo ba, tela ya ɗinko kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, kowa ta ɗauki wadda ta shige ta. Mata kusan talatin, kowacce da halittarta, aka zuba su a ma'auni uku kamar buhunan gishiri.

Ƙauna ta ɗauki babbar. Hannun ya rufe mata yatsu, ƙugun ya yi mata buhu, amma a ƙirji maɓallan suna riƙe da juna da ƙyar, kamar maƙwabtan da suka yi faɗa.

Lahadin farko da suka sa, ana tsakiyar waƙa ta ja numfashi don ta ɗaga murya, tsakanin maɓalli biyu ya ɗan buɗe. Buɗewar da ko ƙwayar gyaɗa ba za ta wuce ba. Amma Dattijo Martins ya gani. Wannan bawan Allah a bencin ƙarshe yake zama, kullum yana ƙorafin ba ya iya hango lambar waƙa a allo, sai an faɗa masa a kunne. Rannan idonsa ya warke sarai. Ana tashi daga sujada ya kai ƙara cewa shigar wata 'yar kwaya ta hana shi jin wa'azi.

Aka kira Ƙauna ƙarƙashin mangwaron bayan coci. Mata huɗu a benci, Mama Scholastica a kujerar roba, ita kuma a tsaye kamar wadda aka kama da kazar maƙwabta.

"'Yata, ba faɗa muka kira ki ba," in ji Mama Scholastica, da muryar da take fara kowane faɗa. "Amma gidan Ubangiji ba wurin tallan jiki ba ne. Mace mai kamun kai tana tattare kanta. Me ya hana ki sayen rigar mama ta kirki?"

"Mama, biyu nake sawa."

"Biyu? To ai shi ne matsalar. Kina sayen tarkacen 'yan jami'a. Ni tunda nake ban taɓa shiga kasuwa na rasa daidai da ni ba."

Ƙauna ta dubi ƙirjin mai maganar, ta sauke ido. Wadda ko hankici biyu aka ɗinka mata sun wadatar, ita ce ke ba da labarin sauƙin kasuwa. Sauran matan suna ta gyaɗa kai, har da Maman Eric, wadda kowa ya san da ɗankwali take ɗaure nata a ƙarƙashin riga.

"To Mama, ki taimaka ki kai ni," in ji Ƙauna cikin ladabin da ya fi zagi zafi. "Tunda ni ban iya ba."

Ta zaci matar za ta zame. Ashe ba ta san Mama Scholastica ba.

"Ranar Asabar ki same ni a bakin kasuwar Samaru. Kafin rana ta yi tsaka mun gama, ki ga yadda manya ke sayayya."

Asabar da hantsi Mama Scholastica ta iso da lema da jakar hannu da takalmi mai tsini, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Suka fara da wani mai baro da ake kira Ɗanasabe, wanda ya tula rigunan mama kamar tumatir. Bai tambayi lamba ba. Ya ƙare wa Ƙauna kallo, kallon da ya wuce na ciniki, ya zaro wata ya cusa dunƙulen hannunsa a kofin.

"Wannan ce taki, Anti. Ni idona awo ne."

"Ta yi kaɗan," in ji Ƙauna.

"Za ta buɗe. Kwana biyu kawai."

Tun tana yarinya take jin wannan magana. Duk ɗan kasuwar da Allah ya halitta ya yi imani kaya suna buɗewa. Da suna buɗewa yadda ake faɗa, da yanzu tana da akwati guda na masu kyau. Mama Scholastica kuwa ta karɓa ta ɗaga sama, ta kara a jikin Ƙauna a gaban masu wucewa, ta ja hannun rigar ta saki ya yi ƙara, kamar mai gwada roba. Ko ita ta ga abin ba zai yiwu ba.

"Ba ka da babba?"

"Mama, wannan ce ƙarshe. Daga ita sai buhu." Ya yi dariya, shi kaɗai.

Suka shiga shagunan da ke kallon jami'a, inda ɗalibai ke sayayya. Can kuma duk masu ciko ne, an cusa musu soso mai kauri don waɗanda ke neman ƙari. Wata yarinya mai dogon farce ta ɗauko ɗaya tana yabo, wai tana ɗaga mutum ta ƙara masa cika.

"Cika?" in ji Ƙauna. "Dube ni da kyau, ƙanwata. Cika na zo nema?"

Mama Scholastica ta ce Samaru dama ƙauye ce da ta samu wutar lantarki, Sabon Gari za su. Suka hau keke napep. Duk ramin da direban ya faɗa, Ƙauna sai ta dafe ƙirji da hannu biyu, fil ɗin da ta maƙala na sukar ta a haƙarƙari. Mama tana gefe tana ba ta labarin yadda 'yan matan zamaninsu ba su da irin wannan fitina, kamar a zamanin nasu ƙirji izini yake nema kafin ya fito.

A unguwar PZ, kafin su kai kasuwar, suka shiga wani shago mai ƙofar gilas da na'urar sanyi. Mama ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce yanzu aka zo wurin masu hankali. Mai jiran shagon tana danna waya, ba ta ko tashi ba. Ta ɗago ido sau ɗaya.

"Ba mu da girmanta."

"Ba ki ko duba ba," in ji Mama.

"Na duba, Mama. Ai ga ta nan a tsaye." Ta mayar da ido kan waya. "Akwai wani shayi da muke sayarwa, yana rage jiki. In ta dage wata biyu za ta shiga namu."

Wato ba a kawo kaya don mutum ba, mutum ne zai narke don ya shiga kaya. Ƙauna ta yi murmushi kawai, ta saba. Mama Scholastica ce ta hau, ba don an ci mutuncin Ƙauna ba, sai don an yi mata magana daga zaune. Ta tambayi yarinyar ko a gidansu ba a gaida manya, ta tambayi cocin da take zuwa. Yarinyar ta ce ita ba ta zuwa ko'ina. Suka fito Mama tana huci.

Daga nan suka dulmiya cikin kasuwar Sabon Gari. Layi bayan layi, shago bayan shago. Wani ya kawo mai faɗin baya wadda za ta zagaye Ƙauna da Mama a haɗe. Wata ta ce a sayi ta masu shayarwa. Wani ya rantse gobe kayansa za su iso daga Anacha, su dawo jibi. Rana ta take, lemar Mama ta maƙale a rumfar wani mai robobi, ƙarfe ɗaya ya karye. Takalmin mai tsini ya fara cin dugaduganta, tafiyarta ta koma ta agwagwa. Wa'azin ma ya ƙare. Ƙauna ba ta ce a huta ba. Tana gaba tana tafiya a natse, duk shagon da aka ce babu sai ta juyo da fara'a.

"Mama, ina kuma za mu? Ke kika san wurare."

A ƙarshe ƙafa ce ta yanke hukunci. Suna ratsa layin 'yan gwanjo Mama ta hango benci a wata rumfa, ta zube a kai ba sallama. Da safe ita ce ta ce ko a mafarki ba za ta taɓa gwanjo ba, kayan matattun Turawa. Yanzu ga ta zaune a tsakiyarsu, rigunan mama na reto a saman kanta kamar jemagu.

Mai rumfar wata Adaora ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta cikin birni. Ta miƙo wa Mama ruwan leda, ta dubi Ƙauna.

"Ke kam kin sha wuya. Biyu kika sa ko?"

"Biyu."

"Jiya na fasa sabuwar dilar kaya. Akwai wata guda da na rasa mai ɗauka, bayanta ƙarami, kofinta kamar ƙwarya. Shiga bayan labule ki gwada, in ba ta yi ba ba dole."

Ta tona ƙasan tarin ta zaro ta. Mama Scholastica ta kusa shaƙewa da ruwa.

Ja ce. Ba jan ƙasa ba, ba jan goro ba, ja wur irin na attarugu. Leshi ne tun daga sama har ƙasa, hannayenta masu faɗi, ƙugiyoyi jere a baya, ga wata 'yar kwalliyar zare da aka ƙulla a tsakiya mai ƙyalli.

"Jinin Yesu!" in ji Mama. "Mayar da wannan abin. Wannan ai ta matan otal ce."

"Mama, a ciki ake sawa," in ji Adaora. "Wa zai gani?"

"Ubangiji yana gani!"

Ƙauna ta riga ta shige bayan labule. Wurin ƙunci ne, ga zafi, ga warin maganin da ake zuba wa gwanjo, ga wani tsagaggen madubi a jingine. Ta cire fil, ta cire biyun da ta sha ɗamara da su tun safe, ta ga jan sawun da suka bari a jikinta. Ta sa jar, ta maƙala ƙugiya. Sai ta tsaya cak.

Ba abin da ya matse. Ba abin da ya tsallako ta sama ko ta gefe. Maɗaurin ya kwanta a bayanta bai motsa ba, nauyin da kafaɗunta suka ɗauka shekara da shekaru ya sauka wani wuri da ba ta ma jin sa. Ta ɗaga hannu sama. Ta sunkuya. Ta ja numfashi har ƙasan ciki, irin wanda malamin kwaya ke ta faɗa a ja, ita kuma ba ta taɓa iyawa ba. Haushi ne ya fara zuwar mata kafin daɗi. Ashe haka sauran mata ke yawo kullum. Ashe a wata ƙasa akwai wanda ya zauna ya yi tunanin mai irin jikinta, ya yanka ya ɗinka, ita kuwa a nan sai dai a tara mata kwamiti a gindin mangwaro.

Ta mayar da rigarta a kai ta fito.

"Kai!" in ji Adaora. "Ashe doguwa ce ke."

Mama Scholastica ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta so ta samu abin kushewa, ido ya ƙi ba ta haɗin kai.

"Babu fara?" ta tambaya a sanyaye. "Ko baƙa? Ko ruwan ƙasa?"

"Mama, dila ba ta tambayar mutum launi. Abin da ya fito shi ne. Irin wannan sai in yi wata shida ban ga ɗaya ba."

"To ba za ta saya ba. Farar riga za ta sa a kai. Kina so duk coci a ga ja kamar fitilar motar asibiti?"

"Mama," in ji Ƙauna, "tun safe muke yawo. Ke kika ce kafin rana ta yi tsaka. In akwai sauran inda kika sani, tashi mu je, ni ban gaji ba."

Mama ta dubi dugaduganta da suka sale. Ta dubi layin da ya miƙe ba ƙarshe. Ta ce ita dai ba da yawunta ba, kuma kada a kuskura a ce da ita aka sayi wannan abu. Ƙauna ta yi ciniki ta biya, ta tura tsofaffin biyun a leda. Suka hau napep ɗin komawa Samaru. Direban ya faɗa ramukan da ya saba, Ƙauna ta harɗe hannu a cinya tana kallon hanya.

Cikin makon ta sayi farin yadi irin na kwaya, ta kai wa telarta, aka auna ta yadda ake auna mutum, aka ɗinka riga da shafi mai kauri a ciki, maɓallan kuma na ado kawai, zif ne a baya. Lahadi ta tsaya a sahun gaba. Ba ja, ba buɗewa, ba fil. Ta yi waƙa har malamin kwaya ya juyo ya dube ta.

Ta ɗauka magana ta ƙare. Ana tashi aka ce ana kiran ta a gindin mangwaro.

Benci ɗaya, mata huɗu, kujerar roba. Mama Scholastica da silifas yau, an shafa wa dugadugan man zafi.

"'Yata, mun ga ƙoƙarinki," ta fara. "Amma an sake kawo magana. An ce yanzu kuma tsayuwarki ce. Kin miƙe da yawa. Kina turo ƙirji gaba kamar soja. Da can aƙalla kina ɗan rusunawa, akwai alamar kunya."

Ƙauna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Rusunawar da suke yabo, ciwon baya ne. Shekara nawa tana tafiya a tanƙware don azaba, su kuma suna karanta shi a matsayin tarbiyya.

"Wa ya kawo maganar, Mama?"

"Ba a faɗin suna."

"To me kuke so in yi?"

"Ki koma sahun baya. Ki kuma yafa gyale a kai, mai ɗan kauri. Sannan wannan rigar da kika ɗinka daban, ta saɓa wa ta sauran. In kowa ta ce sai an auna ta, ina haɗin kai?"

"Mama, ki gafarce ni, tambaya ɗaya gare ni. Ranar Lahadi in riƙa cire ƙirjin ina barin sa a gida ne? Don in akwai yadda ake yi, ki nuna mini. Asabar ina da lokaci."

Wata daga cikin matan ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari. Mama Scholastica ta miƙe, ta ce ba ta taɓa ganin yarinya mara kunya irin wannan ba, bayan duk wahalar da ta sha a kanta, har da asarar lema.

Ƙauna ba ta koma sahun baya ba, ba ta kuma yafa gyale ba. Ta bar kwayar. Malamin ya zo har makarantarsu yana ba ta haƙuri, ta ce masa ba da shi take ba, in an fara auna mata kafin a yi musu ɗinki ya aiko a faɗa mata. Ba a aiko ba. Takan zo sujada da atamfarta, ta zauna a tsakiyar jama'a, ta yi waƙarta daga nan. A taron Zumuntar Mata na wata, Mama Scholastica ta ba da shaida cewa ta wuni cur a kasuwa don ceto wata yarinya daga shigar banza, amma Shaiɗan ya fi ƙarfin yarinyar. Aka tafa mata.

Cikin waɗanda suka tafa ɗin, uku sun tare Ƙauna a ɓoye, kowacce ita kaɗai, kowacce tana waige-waige, suna tambayar layin da rumfar take. Ta kwatanta musu. Ta ƙarshen har roƙo ta yi kada Mama ta ji.

Jar rigar maman guda ɗaya tal ce gare ta, don haka lallaɓa ta take yi. Ranar Asabar da safe take wanke ta da hannu, da ruwan sanyi. Matan gidan hayarsu in sun shanya irin waɗannan kaya sukan lulluɓe su da tsohon zane, kamar abin sata. Ƙauna ta ce leshi ba ya bushewa a lulluɓe. A igiyar waje take shanya ta, wadda ta fi katangar gidan tsawo, ta kama ta da maƙali biyu, ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa tana duba aikin ɗalibanta har ta bushe.